Hawan ƙololuwar da ke bayan fadama a duwatsun Kagoro: amsa ga masu shirin tafiya da damina

"Assalamu alaikum, Malam. Mu shida ne, abokan juna a nan Kaduna, duk Asabar muna fita motsa jiki. Mun hau Kufena a Zariya sau biyu ba tare da wata wahala ba. Yanzu muna so mu je duwatsun Kagoro, amma ba inda kowa ke tsayawa ya ɗauki hoto ya sauko ba. Akwai wata ƙololuwa can ciki da muka gani a taswirar waya, ita muke so mu taka. Wani ɗan yankin da muke aiki tare ya ce mana saman akwai fadamu, da damina ƙafa na nutsewa har gwiwa. Abin ya ɗaure mana kai: yaya za a yi a samu taɓo a saman dutse? Hutunmu a watan Agusta yake. Za mu iya? Me za mu tanada?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko gaskiya ne ruwa na kwanciya a saman tsauni har ya zama taɓo, ko Agusta lokaci ne da ya dace, da kuma irin shirin da tafiyar take bukata. Abokin aikinku gaskiya ya gaya muku, ku riƙe shi da kyau. Kuma tun kafin mu yi nisa ina so ka cire Kufena daga lissafinka. Kufena falalen dutse ne tilo a tsakiyar fili, kana ƙasa kana hango samansa, kana sama kana hango inda ka ajiye mota. Duwatsun Kagoro kuwa gefen tudun Jos ne ta yamma, tsayinsu ya haura mita 1,200 daga saman teku, kuma idan ka gama hawan gangaren ba ka iso ba tukuna. Wata ƙasa ce shimfiɗe a can sama, da tuddanta da kwarurrukanta da ƙoramunta, har da gonaki da mutanen da ke zaune. A irin wannan wuri hawan farko shi ne mai sauƙi, domin turba ce da mutane ke bi kullum. Wahalar tana cikin shimfiɗar da ke tsakanin bakin gangare da ƙololuwar da kuke nufi, inda ba turba, ciyawa ta fi mutum tsayi, ƙasa kuma ta sha ruwa ta ƙoshi.

Dalilin da ruwa ke kwanciya a saman dutse

Ruwa na tsayawa ne duk inda ya rasa hanyar wucewa, ko a kwari ko a kan tsauni. Ƙarƙashin waɗannan duwatsu dutse ne mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi, ƙasar da ke kansa kuma a wurare da yawa ba ta da zurfi. A wasu wuraren marmara ce ta daskare a ƙarƙashi ta zama kamar daɓe. Idan aka yi ruwan sama, wanda ya sauka a kan gangare ya gudu, wanda ya sauka a cikin ɗan lotsawa tsakanin tudu biyu kuwa ya zauna, kamar a cikin kasko. Shekara da shekaru ruwan na wanko laka daga tuddai yana zubawa a ciki, ciyawa na tsirowa ta mutu ta ruɓe a nan. Abin da ya taru shi ne baƙar laka mai danƙo, ciyawa ta rufe samanta. Ga shi kuma yankin Kafanchan da Kagoro ya fi garin Kaduna samun ruwa, saboda iskar damina mai ɗauke da laima tana karo da gangaren ta hau sama ta huce ta zubar. Damina a can tana farawa tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, ganiyarta kuma Agusta da Satumba ne, daidai lokacin hutunku.

Idan kun yi bincike a intanet za ku ci karo da bayanan masu hawan tsaunukan Skotland da Ayaland, inda suke da nasu taɓon. Nasu daban ne. A can sanyi ne ke hana gansakuka ruɓewa sosai, sai ya taru ya zama wata baƙar ƙasa mai kama da soso, wadda ke ƙaruwa da kamar milimita ɗaya a shekara, zurfinta kan kai mita da yawa, kuma ba ta bushewa rani da damina. Namu fadama ce ta lokaci: ta cika da damina, ta soma ja da baya da kaka, wasu su bushe ƙurmus da bazara. Dabarun taka ƙasa mai laushi iri ɗaya ne nan da can, amma mu muna da abin da ba su da shi, wato za mu iya jiran wata uku ƙasar ta sauya gaba ɗaya.

Maganar Agusta

Shawarata ita ce ku ɗage zuwa tsakiyar Nuwamba ko farkon Disamba. Ba don taɓo kaɗai ba. A Agusta marka ake yi, ruwa na iya wuni yana zuba ba ƙaƙƙautawa, gajimare ya sauko ya zauna a kan tsaunin har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa da taku ashirin. Ƙoramar da kuka tsallake da safe ruwanta iya idon sawu, da azahar za ku iya dawowa ku tarar ta kai ƙugu tana ɗauke da itace. Falalen dutse kuma duk ya yi santsi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ana iya fama da shi. Haɗuwarsu a rana ɗaya, a kan mutanen da ba su taɓa taka wurin ba, ita ce nake jiye muku.

Nuwamba ma tana da nata tarkon. Rana ta busar da saman fadama ya yi ɓawo, ka ga kamar fako, ka taka ya fashe ka zurma, domin ƙarƙashin bai bushe ba. Ciyawa a lokacin ta kai iyakar tsayinta. Idan kuma kuka bari har ƙarshen Disamba zuwa Janairu, ƙasa ta yi tauri amma an shiga ƙunar daji, wuta kuwa ta fi gudu idan tana hawan gangare, ga hazon hunturu da zai hana ku ganin nisan da kuka hau dominsa. Shi ya sa na zaɓi wannan ɗan tsakanin.

Idan hutun ba ya ɗaguwa, to ku je a Agustan, amma ku sauya niyya. Ku bi turbar mutane zuwa sama, ku ga yadda ƙasar take, ku tsaya a tudu ku hango hanyar ƙololuwar ku gane inda fadamun suke kwance, ku sauko kafin azahar. Ƙololuwar ku bar ta sai kaka. Wannan tafiyar leƙen ba asara ba ce, ita ce za ta rage muku rabin wahalar tafiya ta biyu.

Ɗan jagora da izinin mutanen gari

Ba wanda zai zauna a Kaduna ya zana muku turbar da za ku bi ta cikin fadama, ni ma ban isa ba, domin mashigar da ta yi kyau bara tana iya zama rami bana idan ƙorama ta sauya hanya ko shanu sun dame wurin. Wanda ya san wannan shi ne mai takawa kullum: mafarauci, ko manomin da gonarsa ke sama, ko mai kiwo. Ku isa Kagoro kwana ɗaya kafin ranar hawa, ta hannun abokin aikinku ku gaida mai unguwar da turbar ta tashi daga cikinta, ku faɗi ko ku su wane ne da inda kuke son zuwa, ku roƙi a haɗa ku da wanda ya san wurin. Ku yi ciniki da shi tun a ƙasa, abincinsa da ruwansa kuma a kanku. Ku nuna masa ƙololuwar da hannu ko ku kwatanta masa ita, domin sunan da ke taswirar waya, idan ma akwai, da wuya ya zama shi ne sunan da mutanen wurin ke kiranta da shi.

Tsaunin nan ba dajin Allah ba ne kawai a wurin mutanen Kagoro. Can kakanninsu suka zauna, bikinsu na Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu ma sunan dutsen yake ɗauke da shi. Akwai wuraren da ba a shigar da baƙo, akwai inda ba a ɗaukar hoto. Idan jagora ya ce a kauce, a kauce ba tare da neman dalili ba. Kada ku ratsa gonar mutum don gajerta hanya. A bakinsu kuma za ku ji halin tsaro na wannan makon, wanda ya fi duk abin da za ku karanta. Hanyar Kaduna ta Kachia zuwa Zonkwa ku bi ta da rana tsaka, zuwa da dawowa, kuma idan mutanen gari suka ce kada a hau yanzu, magana ta ƙare.

Yadda ake karanta ƙasa

Nan ne nake so ka tsaya ka karanta wa abokanka sau biyu. Kowannenku ya riƙe sanda mai ƙarfi da ta kai masa kafaɗa, irin ta makiyaya ko gora. Wanda ke gaba shi ke caka ta kafin ya taka. Idan ta shiga taƙi ɗaya ta ji tauri, a wuce. Idan ta shiga kamu guda ba ta ji komai ba, ba a bin nan, a zaga. Ku bar taku huɗu ko biyar tsakanin mutum da mutum, saboda idan na gaba ya zurma na bayansa ya kasance a kan ƙasa mai ƙarfi. Kuma kada mutum shida su taka sawu ɗaya a wuri mai laushi. Ciyawar da ta ɗauki na farko da na biyu ta riga ta yage kafin na biyar ya iso, shi ya sa sau da yawa na baya ne ke nutsewa, ba na gaba ba.

Ido ma yana da aikinsa. Wurin da ya fi ko'ina kyau, shimfiɗaɗɗe, kore shar kamar filin ƙwallo, ba itace ba dutse, shi ne mafi muni. Laushin ciyawar da hasken korenta alama ce ta ruwa a ƙarƙashi. Inda kuka ga aya-aya da gemun kwaɗo sun yi yawa, ko kajinjiri da tukurwa sun yi layi, ruwa ne ke bin wurin. Inda ruwa ke tsatsowa ja-ja kamar tsatsa, da wani maiƙo-maiƙo a samansa, idon ruwa ne, lakarsa tana da zurfi ko da rani. Inda kuma kuka ga suri, ko tsakuwa a fili, ko ƙananan itatuwa sun tsaya da gindinsu, ƙasa ce mai ɗaukar mutum. Idan dole sai an ratsa ta cikin tushiyoyin ciyawa, a taka tsakiyar tushiya da tafin ƙafa gaba ɗaya. Wanda ya taka gefenta sai ta juya da shi, a nan ake samun targaɗe.

Babbar dabara dai ita ce a ƙi shiga fadamar tun farko. Taswira za ta nuna muku miƙaƙƙen layi daga inda kuke zuwa ƙololuwa, zuciya kuma ta so bin sa. Ku bi doron tudu ko da zai ninka nisan. Kilomita biyu a kan tudu ta fi rabin kilomita a cikin laka sauri, ta kuma bar muku ƙarfin dawowa. Idan fadama ta gitta gabanku ba makawa, ku bi gefenta zuwa sama inda ta tsuke, ko zuwa ƙasa inda ruwanta ke fita ta kan dutse. Tsakiyarta ce ta fi zurfi. Sawun shanu yana taimakawa wajen nuna inda ake ƙetarewa, amma a lura: saniya na da ƙafa huɗu, ba ta damu da laka iya gwiwa ba, kuma mashigar da garke ya saba bi ta riga ta dame ta zama kunu. A ƙetare ɗan sama da ita kaɗan.

Idan mutum ya zurma

Abin da kowa ke yi da farko shi ne fizgar ƙafa da ƙarfi, wannan kuwa shi ke tura ɗaya ƙafar ciki, ya bar takalmi a ƙasa, wani lokaci ya murɗe gwiwa. Laka tana riƙe ƙafa ne saboda idan ka ja, ba iskar da za ta cike gurbin da ƙafar ta bari. Don haka a tsaya cak tukuna. A cire jaka a jefa ta baya inda aka fito. A kwantar da sanda a kan ciyawa, a jingina a kanta ko a zauna baya-baya, nauyin jiki ya bazu. Sannan a riƙa motsa ƙafa ɗaya a hankali, gaba da baya, har ruwa ya samu hanyar shiga gefenta, a ɗago diddige kafin yatsu. Idan ta fito a ɗora gwiwar a kan sanda, a koma kan ta biyu. A fita ta inda aka shigo, da rarrafe, domin nan ne kaɗai aka tabbatar akwai ƙasa. Masu taimako su tsaya a kan tauri su miƙa sanda, kada su rufu a kansa, kada kuma su ja shi da ƙarfin tsiya alhali ƙafarsa na maƙale.

Laka ta fi jikin mutum nauyi, ba za ta haɗiye shi ɗungurungum ba. Illarta ita ce minti arba'in da ta cinye, da ƙarfin da ta zuƙe, da jiƙewar da ta bari a jiki.

Lissafin lokaci

Masu hawan tsauni suna da wani tsohon ma'auni da wani ɗan Skotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ɗauka, don misali kawai, tafiyarku kilomita 12 ce zuwa da dawowa, hawan kuma mita 450. Ma'aunin zai ba ku awa uku da 'yan mintuna. Amma shi ya yi lissafinsa ne a kan mutum mai ƙarfi a hanya mai kyau, ba hutu. A cikin laka da doguwar ciyawa da wuya ku wuce kilomita ɗaya da rabi a awa. Idan kilomita 4 daga cikin 12 ɗin irin wannan ƙasa ce, su kaɗai sun ci kusan awa uku. Ku ƙara hutu, da cin abinci, da salla, da cewa ayari na tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa nawa, za ku ga abin ya doshi awa bakwai.

Saboda haka ku bar gari da an idar da asuba, ku kuma yanke lokacin juyawa tun kuna ƙasa, kowa ya ji da kunnensa. Da damina ƙarfe 12 na rana, da kaka ƙarfe 1:30. Lokacin na cika a juya, ko da ƙololuwar na gabanku kamar ku miƙa hannu. A Nuwamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, duhu kuma ba ya ɗaukar rabin awa ya rufe. Ku sani kuma irin waɗannan tuddai suna yaudarar ido: ka hau wanda kake zaton shi ne ƙarshe, ka tarar da wani a bayansa da fadama a tsakaninsu. Ƙololuwar da ba a san ta ba ba ta da allo ko tuta, tsayin da waya ke nunawa kuma yana iya kuskure da mita goma ko fiye, don haka kada ku ɓata awa guda kuna neman wane dutse ne ya fi ɗan'uwansa da kamu biyu.

Hazo, da neman ƙofar sauka

Wannan ne abin da ya fi damuna a tafiyarku, fiye da taɓon da ka tambaya. Gefen tsaunin a wurare da yawa gangare ne a tsaye, wuraren da ake iya sauka 'yan kaɗan ne. Lokacin da kuka gama hawa kuka fito saman, ku tsaya nan take. Ku sa alamar wurin a waya biyu, ku juya ku kalli inda kuka fito ku haddace shi: wane itace, wane dutse. Hanya ba ta kama da kanta idan an juyo. Duk bayan ɗan lokaci ku riƙa waigawa.

Kafin ku bar Kaduna ku sauke taswirar yankin a manhajar da ke aiki ba sabis, irin OsmAnd ko Organic Maps, ku kunna abin da ke zana sawun tafiyarku tun daga gindin dutse. Waya ɗaya ta yi wannan aiki, ɗaya a kashe ta a ajiye cikin leda don ɓacin rana. Ƙaramin kamfas na hannu ba shi da tsada, ba ya kuma cin caji. Idan gajimare ya rufe ku, mutum ba ya iya tafiya miƙe, a hankali yake karkata har ya yi da'ira bai sani ba. Ku haɗu wuri ɗaya, ku bi sawun da waya ta zana, ko ku zauna ku jira ya yaye. Abin da ba a yi shi ne bin ƙorama da tunanin za ta kai ku ƙasa. Za ta kai ƙasa, amma ta hanyar da ruwa ke bi, wato ta faɗo daga bakin dutse. Duk wanda ya ga faɗuwar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan ya san yadda ƙoramun yankin ke sauka.

Hadari mai tsawa yawanci daga gabas yake haɗowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma ya fi zuwa da yamma. Idan kun ga walƙiya ku ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin a ji tsawa kilomita ɗaya ce. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, ku bar ƙololuwa da doron tudu, ku nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin kogo marar zurfi, ku warwatsu da tazarar taku ashirin, kowa ya tsuguna a kan jakarsa. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba sannan a ci gaba. Ƙoramar da ta cika kuwa, in ruwanta ya wuce gwiwa yana gudu, ba a shiga. Irin waɗannan ƙoramu na saman dutse yadda suke saurin cika haka suke saurin janyewa, jiran awa ɗaya ko biyu kan wadatar.

Kayan da za ku ɗauka

Takalmi tukuna. Za ku ga mutanen wurin da dogon takalmin ruwa na roba, kuma yana kare ƙwauri daga sara da ƙaya. Amma ga wanda bai saba ba, laka na zare shi daga ƙafa, ruwa na cika shi, a kan jiƙaƙƙen dutse kuma ba ya kamawa. Na fi son takalmi mai igiya da ya rufe idon sawu, mai zurfin zane a tafinsa, a ɗaure shi tamau. Ana samun irinsa a gwanjon Kasuwar Barci. Ku saya da wuri ku yi Asabar uku kuna tafiya da shi, sabon takalmi a ranar hawa bororo ne kawai. Ku haƙura da cewa ƙafa za ta jiƙe. A shafa mata man kaɗanya ko basilin kafin a sa safa, a ɗauki safa biyu a leda, ɗaya a sauya a sama, ɗaya a ƙasa.

Kada kowa ya sa wandon jins. Idan ya jiƙe yana nauyi, yana goge cinya, ba ya bushewa. Dogon wando marar nauyi irin na 'yan wasa, a cusa ƙafarsa cikin safa, da riga mai dogon hannu saboda kaifin ciyawa da ƙarara. Rigar ruwa da rigar sanyi ɗaya dole ne, ko da kun bar gari kuna gumi. Zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa, wanda ba shi da yawa, amma jiƙaƙƙen mutum da ya gaji, iska na dukansa, yana iya kamuwa da mugun sanyi ko a ƙasarmu. Alamarsa karkarwa, sai harshe ya soma nauyi, sai tuntuɓe da yin shiru. Da an ga haka a tsaya, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa masa busassu, a kare shi daga iska, a ba shi abu mai zaƙi, sannan a juya gida.

Komai na cikin jaka a ƙulle shi a babbar leda. Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, da burodi sun isa, a riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa. Tocila ga kowa, ba ta waya ba. Usur, wuƙa, ashana a leda, fawa bank, bandeji mai naɗewa guda biyu, filasta, da ƙullin gishiri da sukari: cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, ga wanda gumi ya zuƙe ko ƙafarsa ke ɗaurewa. Jakar kada ta wuce kilo 7 ko 8. Ku bar wa mutum ɗaya a Kagoro da ɗaya a Kaduna sunayenku da lokacin da za ku sauko, da abin da za su yi idan lokacin ya wuce ba su ji ku ba.

Abin da ke zaune a cikin ruwan da ciyawar

Ruwan fadama ba na sha ba ne, komai haskensa. Idan naku ya ƙare, a ɗebi mai gudu a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa. Alwala ma ku yi da ruwan da kuka ɗauko, ko kuma da na ƙorama mai gudu, domin kwantaccen ruwa mai katantanwa shi ke ɗauke da tsargiya, ta fata kuma take shiga. Matsattsaku idan ya kama ƙafa ba abin tashin hankali ba ne: a tura farce ƙarƙashin bakinsa a zame shi, a wanke, a danne wurin, jinin zai ɗan jima yana zuba kafin ya tsaya. Haɗarinsa yana ga mai kafa baki a ruwa ya sha, domin yana iya shiga hanci ko maƙogwaro.

Maciji yawanci yana jin takun mutum ya gudu, ban da kasa, wadda ke kwanciya a kan turba ta dogara da launinta. Sandar na gaba tana maganin wannan. Kada a cusa hannu a tsagar dutsen da ba a ga cikinta ba, kada a tsallake gungume ba a leƙa bayansa ba. Idan sara ya faru, ba ɗauri mai matsewa don tsayar da jini, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a nufi asibiti. Tun ranar da kuka isa ku tambayi inda ake samun allurar dafin maciji tsakanin Kagoro da Kafanchan, kada sai abin ya faru a soma tambaya. Zuma kuma na yin gida a kogunan duwatsu, don haka ranar hawa a bar turare a gida, a rage hayaniya kusa da kogo.

Saukowa ita ce inda aka fi faɗuwa, ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida. Baƙin layin da kuke gani a jikin falalen dutse hanyar ruwa ce, gansakuka ya kwanta a kai, santsinsa kamar sabulu ko da ya yi kamar ya bushe. A taka inda dutsen ke da kaushi da haske, a gajarta taku, inda ya yi tsaye a zauna a sauka da mazaunai. Idan kun iso ƙasa ku wanke ƙafa da sabulu, ku busar da tsakanin yatsu, ku duba jiki ko kaska ta maƙale. Wanda kuma zazzaɓi ya kama a makonnin da suka biyo baya, ko ya ga jini a fitsarinsa, ya gaya wa likita cewa ya shiga ruwan fadama, da ranar da ya shiga.